Siginar GPS da auna sararin sama: me yasa yawan ilaktaron ke fito min ƙasa da sifili?

Zee_fiziks ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a, don Allah masu ilimin sararin samaniya ku agaza min kafin kaina ya fashe. Ina aikin kammala digiri ne, malamin da ke duba aikina yace in yi amfani da bayanan rediyo okalteshan na taurarin ɗan adam na COSMIC-2 in duba yanda ayonosfiya, wato sashen saman iska mai cike da ilaktaron, ke canzawa tsakanin rana da dare, ya turo min takardu uku yace in karanta, tun daga ranar ban sake sa shi a ido ba yau sati biyu kenan, waya ma baya ɗauka. Na shiga rumbun CDAAC inda ake ajiye bayanan na sauke fayilolin ionPrf masu nuna yawan ilaktaron a kowane hawa na kwana guda na buɗe su da Python, hoton ya fito tsaf, ga tudun nan na yawan ilaktaron a wajen kilomita 300 kamar yanda yake a littafi, har na fara murna.

To abu biyu ne suka tsaya min a wuya. Na farko ni har yanzu ban gane yanda tauraron ɗan adam da ba shi da ma'aunin zafi ba shi da kyamara zai ce wai ga zafin iska a kilomita 15 ba, daga sauraron GPS kawai? Na biyu kuma shine ya hana ni barci, a wasu fayilolin in na gangaro ƙasa wajen kilomita 100 zuwa 150 sai yawan ilaktaron ɗin ya koma ƙasa da sifili, da alamar ɗebewa ɓaro-ɓaro. Ta yaya abu zai yi ƙasa da babu?? Lambar da na rubuta ce ke da matsala ko fayil ɗin ne ya lalace, in goge su ne ko yaya zan yi? Na gode.

Malam_Sarari ya rubuta:

Wa alaikumus salam 'yata. Kwantar da hankalinki, tambayar farkon nan ba wanda bata ɗaure wa kai ba da farko. Ni a aji husufin rediyo nake ce wa rediyo okalteshan ɗin nan, don asalin kalmar daga masu duban taurari ta fito, wato wani abu ya gifta gaban wani ya ɓoye shi kamar yadda wata ke tare rana. A nan duniyar ce da kanta ke shiga tsakani.

Ki ɗauka taurari biyu ne. Ɗaya na GPS yana can sama kilomita 20,200 yana watsa sigina ba dare ba rana. Ɗayan ƙarami ne yana yawo ƙasa-ƙasa, na COSMIC-2 wajen kilomita 550 suke, cikin kamar minti 95 ya zagaye duniya. A idon ƙaramin nan, na GPS ɗin fitowa yake yana faɗuwa a bayan duniya kamar rana. To lokacin faɗuwar dole siginar ta ratso ta gefen duniya kafin ta iso, ta fara shafar iskar can ƙololuwa wadda ba ta da kauri, tana nutsewa tana nutsewa cikin mai kauri har ta daki ƙasa ko teku ta ɓace. Duka-duka minti ɗaya zuwa biyu an gama.

Ita kuwa iska abu biyu take wa sigina, ta rage mata gudu ta kuma lanƙwasa ta. Kin san yadda cokali ke zama kamar ya karye in kika tsoma shi a kofin ruwa, to shi ne. Ko ranar da kike gani ta zauna a bakin ƙasa da yamma, a zahiri ta riga ta faɗi, iska ce ta lanƙwaso miki haskenta da kusan rabin digiri. Siginar GPS shiga take ta kuma fita, don haka dab da ƙasa lanƙwasar takan kai digiri ɗaya, inda laima ta yi yawa har ta doshi biyu. A sama can kuwa ɗan mitsitsi ne ƙwarai.

Abin da ya fi burge ni shi ne na'urar ba kusurwa take aunawa ba, lokaci take aunawa. Tsawon zango ɗaya na siginar GPS da ake kira L1 santimita 19 ne, na'urar tana ƙirga zangunan nan ɗaya bayan ɗaya har zuwa matakin milimita. An san inda taurarin biyu suke da gudun da suke yi, saboda haka an san lokacin da ya kamata siginar ta iso da ace babu iska sam. Rarar da aka samu to aikin iska ne, kusa da ƙasa takan kai kwatankwacin ƙarin tafiyar ɗaruruwan mita. Daga saurin da rarar ke ƙaruwa ake fitar da kusurwar lanƙwasa, irin dai canjin sautin jiniya in mota ta wuce ki. Daga kusurwa sai a bi wani lissafi mai sunan Abel, masanin lissafin nan ɗan Norway, a samu ƙarfin lanƙwasawar iska a kowane hawa, ana kiransa N. Inda iska take a bushe N kai tsaye yake bin kaurin iska. Kin samu kauri, sai ki tara nauyin iskar daga sama zuwa ƙasa ki samu matsi, kin samu kauri da matsi kuwa dokar iskar gas da kuka yi tun ajin farko ta ba ki zafi. Ma'aunin zafin kenan.

Kuma dabarar ba a duniyarmu ta fara ba. A Yulin 1965 kumbon Mariner 4 na Amurka ya bi ta bayan duniyar Mars, masana suka saurari yadda siginarsa ta canza kafin ta ɗauke, nan aka gane iskar Mars bata kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, abin da ya sa masu shirin sauke kumbo can suka koma suka sake lissafi. Aka yi wa Venus haka a 1967, Voyager 1 ya yi wa Titan, watan duniyar Saturn, a 1980, New Horizons ya yi wa Pluto a 2015. Tamu duniyar sai da ta jira GPS ya samu, gwajin GPS/MET na 1995 ne ya nuna abin zai yiwu. Tambayarki ta biyu zan bar wa masu ayonosfiya, akwai wadda ta fi ni a zauren nan, amma kar ki goge komai tukuna.

DanHasashe ya rubuta:

Allah ya ƙara wa Malam lafiya, bayani ya fita. Amma Malam ka yi min afuwa zan ɗan ja da kai a wuri ɗaya, don mu da muke cin abinci da hasashen yanayi wurin nan ne ke ba mu wahala, kalmar nan da ka ce "inda iska take a bushe" ita ce duka rigimar kuma ka wuce ta da gudu.

Ƙanwata ki duba lissafin N ɗin, ɓangare biyu ne a ƙasa. Na farko 77.6 sau matsi a raba da zafi, na biyu 373,000 sau matsin tururin ruwa a raba da zafi sau zafi. Bari mu saka lamba ki gani da idonki. Matsi 1013 a ma'aunin milibar, zafi 300 a ma'aunin Kelvin, na farko ya ba ki kamar 262. Ki ce tururin ruwa 30 ne irin na saman teku mai ɗumi, na biyu ya ba ki kamar 124. Kin ga kusan kashi ɗaya cikin uku na N ɗin ruwa ne ba kaurin iska ba, kuma tauraron lamba ɗaya tak ya miƙo miki wato 386, bai ce miki ga rabon zafi ga rabon laima ba. Lissafi ɗaya abin nema biyu, ba yanda za ki yi sai kin aro wani abu daga waje. Shi yasa in kika buɗe fayil ɗin atmPrf na iskar ƙasa za ki ga zafin da ke ciki sunansa busasshen zafi, an yi kamar ba ruwa a iskar ne, a sama daidai yake amma in kika gangaro ƙasa sai ya nuna miki sanyin da babu shi, wani ɗalibi ya taɓa kawo min hoto yana murna wai ya gano sabon abu a saman teku, ashe busasshen ne ya zana har ƙasa. Wanda aka raba zafi da laima yana cikin ɗaya fayil ɗin na jiƙaƙƙe, shi kuma an haɗa shi da hasashen kwamfuta ne kafin a raba, don haka ba tsantsar awo bane, ki san da wannan in za ki kwatanta shi da wani hasashen.

Inda abin yake sarki shine tsakanin kamar kilomita 8 zuwa 25, nan kam kuskurensa baya kai digiri ɗaya, kuma yana ganin siraran hawa-hawa da sauran na'urori ke shafewa. Iyakar nan da iska ke daina sanyi ta fara ɗumi, wadda a yankin tsakiyar duniya take wajen kilomita 16 zuwa 17 da sanyi kusan 80 ƙasa da sifili, a hoton okalteshan fitowa take da kaifi kamar an ja da rula. Gajimare baya tare shi, ruwan sama baya tare shi, dare da rana duk ɗaya. Sai babban abin da yasa manyan cibiyoyi ke ji da shi, sauran na'urorin da ke auna zafi daga sama suna tsufa suna karkacewa, dole a dinga gyara musu awo, shi kuwa wannan jinginarsa agogon atom ne, sakan ɗin 2006 shine sakan ɗin yau. Saboda haka ake saka shi cikin hasashe ba tare da an masa gyaran karkata ba, har ma shi ake kafawa a matsayin turke a daidaita sauran da shi. Cibiyar hasashen yanayi ta Turai ECMWF tun ƙarshen 2006 take amfani da shi, shekarar da aka harba COSMIC na farko, taurari shida na haɗin gwiwar Taiwan da Amurka, da kuma tauraron MetOp-A na Turai. Su ma fa kusurwar lanƙwasar suke ɗauka kai tsaye su ba kwamfuta, ba sa jiran a mayar da ita zafi.

Rauninsa a kwance yake, awo ɗaya matsakaicin tsiri ne mai tsawon kilomita 200 zuwa 300, ba zai nuna miki hadari ɗaya da ya taso a kan gari ɗaya ba. Kuma a saman teku inda busasshiyar iska ta hau kan jiƙaƙƙiya lanƙwasar kan yi tsanani har siginar ta maƙale tana bin gantsarewar duniya, a nan N ɗin da ake samu a ƙasa yakan gaza na gaskiya.

Injiniya_Bash ya rubuta:

Hhhh ni dai abin dariya yake bani wlh, mu masu awon fili da GPS ba abin da muka tsana kamar ayonosfiya da laima, kullum neman yanda za mu kankare su muke, ashe wasu na can sun buɗe baki suna jiran abin da muke zubarwa. Amma tambaya ta gsky, ba ga balan-balan ɗin da ake saki ba mai ɗauke da ma'aunin zafi na gaske yana shiga cikin iskar da kansa, me zai sa in yarda da dogon lissafi in bar wanda ya je ya taɓo?

DanHasashe ya rubuta:

Injiniya ba wanda yace a bar balan-balan, har gobe da shi ake gwada gaskiyar wannan ɗin. Amma sau biyu ake sakinsa a rana, tashoshin ɗaruruwa ne kuma yawancinsu a kan tudu a arewacin duniya, wa zai je tsakiyar tekun Pasifik ya saki balan-balan kullum? COSMIC-2 kaɗai da aka harba a Yunin 2019 an tsara shi ya kawo awo wajen 5,000 a rana, an kuma kwantar da hanyarsa digiri 24 kawai daga layin tsakiyar duniya don ya fi yawaita a yankin tsakiyar duniya inda dama can ne aka fi ƙarancin awo. Ga na Turai ga na Sin ga kamfanoni irin Spire da PlanetiQ da ke sayar da nasu. Kuma yanzu ba GPS kaɗai ake saurare ba har da takwarorinsa GLONASS na Rasha da Galileo na Turai da BeiDou na Sin.

Anti_Ayono ta rubuta:

Sannunku. Malam na ga ka jefo min ƙwallo, to bismillah. Zee ƙanwata lambarki lafiyarta ƙalau, fayil ɗin ma bai lalace ba, abin da kika gani sananne ne kuma in kika fahimce shi ya ishe ki babi guda a aikinki.

Fara da yanda ake ganin ilaktaron ɗin. GPS a layi biyu yake magana, L1 a megahaz 1575.42 da L2 a 1227.60. Iskar ƙasa bata bambanta su, jinkiri ɗaya take musu, amma ayonosfiya tana bambantawa, ta fi taɓa L2 mai ƙaramar lambar. Masu yanayi suna haɗa biyun don su soke ayonosfiya, mu kuma muna ɗebe ɗaya daga ɗaya don ita kaɗai ta rage. Abin da ke fita shine jimillar ilaktaron da ke kan hanyar siginar gaba ɗaya tun daga can har nan, shi ake ce wa TEC, Injiniya ya san shi, kowane ɗigo ɗaya nasa kuskuren santimita 16 ne a L1. To lura, jimilla ce ta dogon layi, ke kuma so kike ki san nawa ne a kowane hawa. Nan Abel ke shigowa, kuma Abel da sharaɗinsa yake zuwa, wai a ɗauka a kowane hawa yawan ilaktaron ɗaya ne ko'ina a kewayen, gabas da yamma kudu da arewa. Sai ya fara daga sama, ya gano na hawan farko, ya cire rabonsa daga layi na biyu, abin da ya rage na hawa na biyu ne, haka haka har ƙasa. Kin ga duk kuskuren da aka yi a sama gangarowa yake yana taruwa a kan na ƙasa, na ƙasan kuma dama ɗan kaɗan ne musamman da dare, ba shi da ƙarfin ɗaukar bashin wani.

Yanzu ɗauki biro. Layin da ya fi kusantar ƙasa a kilomita 100, a ina yake ratsa kilomita 300 inda ilaktaron suka fi cunkoso? Daga tsakiyar duniya zuwa doronta kilomita 6,371 ne, ki yi lissafin alwatika za ki samu kamar kilomita 1,600 daga wurin, ta gaba da ta baya, wato wajen digiri 14. Riƙe wannan lambar. Da rana a kan layin tsakiyar maganaɗisun duniya akwai ƙarfin lantarki da ke cilla ilaktaron sama kamar feshin famfo, su je sama su zamo ta layukan maganaɗisu su taru a tudu biyu, ɗaya arewa ɗaya kudu, kowanne wajen digiri 15 daga layin, tsakiya kuma ya zama kwari. Edward Appleton ya bayyana wannan tun 1946 shi yasa ake kiran abin da sunansa. 14 da 15, kin fara gani ko? In awonki ya faɗo a ƙarƙashin tudu, layukan sama cikin tudun suka bi suka ga cunkoso, Abel ya rubuta cewa haka hawan yake ko'ina. Layukan ƙasa kuwa sun ratsa hawan ne can nesa inda ba cunkoso, a kwari ko a bayan tudu. Sai lissafi ya cire musu abin da basu taɓa ɗauka ba, ya cire fiye da abin da ke akwai, saura ya koma ƙasa da sifili. A kan kwarin kuma akasin haka ke faruwa, sai ki ga ilaktaron na bogi sun cika ƙasa, wannan ma ya fi haɗari don ba alamar ɗebewa da za ta tona masa asiri. Haka yake faruwa da asuba da magariba in rabin layin na cikin rana rabi na cikin duhu.

Shawarata, tunda rana da dare kike kwatantawa, ki tsaya a kan ƙololuwar tudun F2, wato wanda kika gani a wajen kilomita 300 a hotonki, yawanta da tsayinta, su ne suka fi aminci kuma an sha gwada su da na'urorin ƙasa masu harba sigina sama su saurari dawowarta. Abin da ke ƙasa da kamar kilomita 200 kar ki gina hujja a kansa. Kar kuma ki goge masu alamar ɗebewar ki yi shiru, in kika cire su kika bar masu kumburin bogi kin karkatar da matsakaicinki sama da hannunki. Ki zana su a taswira da latitud na maganaɗisu ba na taswirar makaranta ba, ki raba su da agogon wurin ba agogon bai-ɗaya na duniya wato UTC da ke jikin sunan fayil ba, wannan na biyun ya kayar da mutane da yawa. Akwai gyararren Abel da ke aro taswirar TEC ta duniya don ya san inda tudu da kwari suke, yana rage matsalar sosai, amma wannan sai in lokaci ya bar ki.

Wani abu kuma tunda za ki duba dare, bayan faɗuwar rana a yankin tsakiyar duniyan nan ana samun kumfa-kumfa na wuraren da ilaktaron suka yi ƙaranci suna tasowa sama, sigina in ta bi ta cikinsu sai ta dinga rawa tana ƙyaftawa kamar tauraro, wani lokaci na'ura ta sake ta gaba ɗaya. In kika ga hoto ya yi zigizaga bayan magariba ba lallai shara bane.

Zee_fiziks ta rubuta:

Kai Anti Allah ya saka da alheri, Malam da yaya DanHasashe ku ma na gode sosai wlh kun fi takardun nan uku. Ban iya haƙuri ba na tashi na zana su yanzun nan, masu alamar ɗebewar sun fi taruwa a layi biyu sama da ƙasan tsakiya, dai dai yanda kika ce, har tsigar jikina ta tashi. Kuma eh na kamu, da UTC na raba su jiya shi yasa darena ke da rana a ciki. Tambaya ɗaya ta ƙarshe, wane wuri zan ɗauka a matsayin inda awon yake tunda na ga latitud ɗin na canzawa daga saman fayil zuwa ƙasansa?

Anti_Ayono ta rubuta:

Eh yana tafiya, taurarin biyu ai ba tsaye suke ba, wurin da layin ya fi kusantar ƙasa yakan ja ɗaruruwan kilomita kafin a gama. Ki ɗauki latitud da longitud na daidai hawan da ƙololuwar F2 take, da shi za ki fitar da agogon wurin, longitud a raba da 15 a ƙara kan UTC. Kuma kwana ɗaya ya yi kaɗan ƙanwata, sauke na wata guda ki ware ranakun da aka yi guguwar maganaɗisu gefe, in kin zana ki ɗora mana hoton a nan mu gani.